Idan Karenka Ya Haɗiye Abin Da Zai Cuce Shi

Kare dabba ce mai amfani ga jama'ar ƙasar nan da yawa. Da shi mafarauci ke shiga daji, shi ke tsare wa makiyayi garke da dare, shi ne kuma ke yi wa mai gida gadi a birni sa'ad da kowa ya yi barci. Amma kare yana da wani hali wanda ke jawo masa halaka. Haƙoransa na yaga ne da datsa, ba ya tsayawa niƙa abinci kamar yadda akuya ko ɗan Adam ke yi. In ya sami abu, sai ya fizga ya haɗiye, balle ma in ya ga wani kare na nufo shi, ko mai shi na ƙoƙarin ƙwacewa. Kwikwiyo kuwa, tsakanin wata 3 zuwa wata 7 da haihuwa, lokacin da yake sake haƙora, babu abin da ba ya kai wa baki.

An shirya wannan takarda ne domin mai kare ya san abin da zai yi a cikin sa'a ta farko, kafin ya kai ga likitan dabbobi. Wannan sa'a ita ce mai wuya, domin a cikinta ne maƙwabta ke taruwa, kowa da maganinsa, kuma sau da yawa maganin da aka ɗura wa kare shi ke ƙarasa shi.

Da farko, san abin da ya haɗiya

Ka janye karen daga wurin, ka ɗaure shi a inuwa, ka kori yara da kaji da sauran dabbobi. Sa'an nan ka duba wurin da kyau. Akwai kwalba a kife? Akwai leda ko kwalin magani a yage? Ƙwaya nawa ce a ciki da, nawa kuma ta rage? Ka tambayi mutanen gida ko an zuba maganin ɓera, ko an yi feshi, ko an jiƙa iri da magani. Ka tambayi yara da lalama, domin yaron da ya ga za a doke shi ba zai faɗi cewa shi ya ba kare abin ba.

Abu uku likita zai fara tambayarka: mene ne ya ci, yaya yawansa, da ƙarfe nawa. Zai kuma so ya san nauyin karen, ko da kimantawa ce, domin abin da babban kare mai kilo 20 zai jure yana iya kashe kwikwiyo mai kilo 4. Ka ɗauki kwalbar ko kwalin ka tafi da shi, ko da yagagge ne. In karen ya yi amai, ka sa leda a hannu ka ɗebi kaɗan ka ƙulle. Sunan sinadarin da ke rubuce da ƙananan baƙaƙe a jikin kwalba ya fi duk wani bayani da za ka yi da baki, domin ba kowace guba ce ke da makari ba, makarin wata kuma ba lallai ya yi aiki a kan wata ba. In asibitin da nisa, ka kira likita ta waya tun kana gida, ka karanta masa abin da ke jikin kwalbar ko ka aika masa hotonta.

Maganar sa shi amai

Abin da ke fara zuwa zuciyar kowa shi ne a fitar da abin ta inda ya shiga. Gaskiya ne amai yana da amfani a wasu lokatai, amma fa in ba a wuce kamar sa'a 2 da haɗiyewa ba, kuma in abin da aka haɗiya ba mai ƙuna ko mai tsini ba ne. Bayan wannan lokaci yawancin abin ya riga ya wuce hanji.

Akwai inda amai ke ninka ɓarna. In kare ya sha ruwan batir, ko sodar da ake yin sabulu da ita, ko ruwan wanke masai mai ƙarfi, to abin ya ƙona maƙogwaro wajen shiga, in ya dawo zai sake ƙonawa. Nan abin yi shi ne a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a gefen bakinsa, kansa a sunkuye, har kamar minti 15, sa'an nan a kama hanyar asibiti. In kananzir ne ko fetur, wajen amai sai ya faɗa huhu, kaɗan kuwa ya isa ya kumbura huhun. In allura ce, ko fatsa, ko tsinken tsire, ko tsagin ƙashi, wajen dawowa yana iya huda maƙogwaro. Haka nan karen da ya galabaita, ko yake karkarwa, ko numfashinsa ke sarƙewa, ba a sa shi amai ko kusa, domin ba zai iya kare hanyar numfashinsa ba.

To, sai maganar manja da madara. A ko'ina cikin ƙasar nan, Kudu da Arewa, an yarda cewa manja yana kashe guba, wasu kuma su ce nono ko madara ko ɗanyen ƙwai. Manja ba ya kashe guba. Hasali ma yawancin magungunan ƙwari a cikin mai suke narkewa, saboda haka mai da madara suna iya sauƙaƙa musu hanyar shiga jini. Bayan wannan, ɗura wa kare mai alhali yana fizge-fizge hanya ce ta tura man cikin huhunsa. Ruwan gishiri kuwa shi kansa guba ne. In aka ɗura shi aman bai zo ba, gishirin zai shiga jini ya taɓa ƙwaƙwalwa, kare ya kama farfaɗiya. Cusa yatsa ko sanda a maƙogwaro ba abin da yake jawowa sai cizo da rauni. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wasu sun ji ana ba da gawayi a asibiti, sai su daka gawayin murhu su kwaɓa. Gawayin asibiti an sarrafa shi ne ta wata hanya ta musamman har ya zama mai ƙananan ƙofofi masu tsotse guba. Na murhu ba shi da wannan ƙarfi. Ko na asibitin ma ba ya aiki a kan soda da ruwan batir da kananzir. Likita yana da allurar da ke sa kare amai cikin 'yan mintoci, kuma shi ya san lokacin da ta dace. Ka bar masa wannan hukunci.

Gubobin da aka fi gamuwa da su

Wanda ya fi saurin kisa a gidajenmu shi ne maganin ƙwari irin fiya-fiya, watau mai ɗauke da sinadarin dichlorvos, wanda kuma shi ne a cikin Sniper. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna saboda yawan rayukan da ya ci. Kare yana samunsa ta lasar inda aka zuba, ko ta cin abin da aka fesa wa, ko kuma, abin takaici, ta hannun mai shi da ya shafa masa domin kashe kaska. Wannan magani yana ratsa fata. Alamunsa ba sa jinkiri: dalalar yawu, hawaye, amai, zawo, tsukewar ƙwayar ido, rawar tsoka, da numfashi mai gurnani saboda ruwa ya taru a ƙirji. Makarinsa allura ce mai suna atropine, kuma tana aiki ƙwarai in an yi ta da wuri. In a jiki aka shafa, ka sa leda ko safar roba a hannu, ka wanke karen da sabulu da ruwa mai yawa kafin ku tashi. Haka za ka yi in maganin wankan shanu ne aka haɗa da ƙarfi fiye da kima.

Maganin ɓera iri biyu ne a kasuwa, kuma wajibi ne a bambanta su. Akwai mai hana jini daskarewa, wanda galibi ake sayarwa kamar ƙwayar hatsi mai launi ko ɗan dunƙule. Wannan shi ne mayaudari. Kare zai ci yau, gobe ka gan shi garau yana wasa, ka ce ai ya tsira. Sai bayan kwana 3 zuwa 5 ya fara kasala, dasashinsa ya yi fari, jini ya ɓullo ta hanci, ko kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya riƙa tari saboda jini na zuba a ƙirji. Makarinsa bitamin K1 ne, kuma irin maganin ɓera na zamani yakan sa a yi ta ba da shi har mako 4. Wanda ya kai karensa ranar da abin ya faru, kuɗin ƙwayoyi kawai zai kashe. Wanda ya jira jini ya ɓullo, sai an nemi ƙarin jini, in ma an samu.

Iri na biyu shi ne gari mai toka-toka ko baƙi, mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, wanda ake kira zinc phosphide. Da ya gamu da tsamin ciki sai ya saki iska mai guba. Kada ka ba karen abinci, domin abinci yana ƙara tsamin ciki. In zai yi amai, ya yi a fili inda iska ke kaɗawa, kai kuma ka tsaya ta inda iskar ke fitowa, domin tururin aman yana kwantar da mutum. In a mota za ku tafi, a buɗe tagogi duka.

Manoma su lura da maganin ciyawa mai suna paraquat. Yana ƙona baki, sa'an nan cikin 'yan kwanaki ya lalata huhu, kuma ba shi da makari. Masu garejin mota su lura da ruwan sanyaya inji, wanda ke da ɗan zaƙi. Kare zai lasa, ya yi tangaɗi kamar mashayi, ya ɗan warware, sa'an nan ƙodarsa ta tsaya. In sa'a 8 zuwa 12 ta wuce ba a fara magani ba, da wuya a ceto shi.

Maganin mutane da abincin mutane

Kada ka ba kare maganin ciwon jiki na mutane, kada kuma ka bar shi inda zai kai. Ƙwayar farasitamol guda mai miligiram 500 tana iya taɓa hantar kwikwiyo mai kilo 5. Ibuprofen da diclofenac suna yi wa kare gyambon ciki, in da yawa su kashe ƙoda. Tramadol da maganin barci da na hawan jini da na ciwon sukari duk haɗari ne.

Cikin abinci, albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko ɗanye ko dafaffe. Albasa giram 15 zuwa 30 ga kowane kilo na nauyinsa ta isa, watau manyan albasa biyu ga matsakaicin kare, kuma alamar ba ta bayyana sai bayan kwanaki, da kasala da jan fitsari. Goro da cakulan da gahawa suna ɗauke da sinadaran da jikin kare ba ya iya fitarwa da sauri, su sa zuciyarsa bugu da gaggawa, jikinsa ya kama rawa. Inabi da zabibi suna taɓa ƙoda. Cingam marar sukari mai sinadarin xylitol yana kayar da sukarin jini, wani lokaci cikin rabin sa'a. Tuwo ko burodi ko gyaɗa da suka yi fumfuna a binne su, kada a ce ai na kare ne. Ruwan da aka matse daga ɗanyen rogo mai ɗaci ma kada a bar shi a buɗe. Da damina kuma kare yakan cafki kwaɗo, bakinsa ya yi ta kumfa; a goge dasashin da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke bakin kansa a sunkuye, in ya fara rawar jiki a kai shi asibiti.

Abu mai tauri

Ba duk abin da ke kisa ne guba ba. Ƙwallon mangwaro a bazara, totuwar masara da kaka, ledar da aka ƙunso nama, tsumma, safa, da ƙashin kaza dafaffe wanda ke tsagewa ya yi tsini, duk suna iya toshe hanji ko su huda shi. Abin da kare ya ci yakan fita a kashi cikin sa'a 10 zuwa 24. In abin ƙarami ne marar tsini, karen kuma babba, yana ci yana wasa, likita yana iya cewa a jira a riƙa duba kashinsa da tsinke. Amma in amai ya yawaita, ko ruwa ya sha sai ya dawo, ya ƙi abinci, cikinsa ya yi tauri yana kuka in an taɓa, ko yana miƙe ƙafafun gaba a ƙasa yana ɗaga ƙugu sama, ko yana yunƙuri ba kashi, to hanji ya toshe. Hanjin da ya toshe yana mutuwa ya ruɓe, in ya fashe kuwa magana ta ƙare. Kada a ba shi maganin wankin ciki.

Zare da igiya da tsiron tsumma sun fi dutse haɗari. Gefe ɗaya yakan maƙale ƙarƙashin harshe ko a bakin tumbi, saura ya bi hanji, hanjin ya tattare a jikinsa kamar wando a jikin mazagi, zaren ya yi ta yanka. In ka ga zare na leƙowa ta baki ko ta dubura, kada ka ja. Haka nan igiyar fatsa: ka bar mata tsawo, ka ɗaure ta a wuyan karen kada ya haɗiye sauran. Ɗan ƙaramin batir irin na agogo kuma, in ya maƙale a maƙoshi, cikin sa'a 2 yana fara ƙona nama; wannan ba a kwana da shi.

Ƙashi ne ya maƙale, ko hauka ne?

Mai karatu ya tsaya a nan ya natsu, domin a nan ran mutum ke shiga ciki. Ciwon haukan kare ba kullum yake zuwa da cizo da guje-guje ba. Akwai irin da ke shanye tsokar muƙamuƙi da maƙogwaro. Sai ka ga kare bakinsa a buɗe ya kasa rufewa, yawu na dalala, ya kasa haɗiye ruwa, muryarsa ta sake. Duk wanda ya gani zai rantse ƙashi ne ya maƙale. Mai shi, don tausayi, sai ya zura hannu ya laluba, yawun ya shiga wani ɗan ƙwarzane a yatsa. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare suka samu.

Saboda haka, in ba da idonka ka ga lokacin da abin ya maƙale ba, ko kuwa karen ba shi da allurar rigakafi ta shekara, ko an taɓa ganin wani baƙon kare ya cije shi, kada hannunka ya shiga bakinsa. Ka kulle shi inda ba zai kai ga kowa ba, ka kira ma'aikacin dabbobi. In ya cije ka, ko yawunsa ya taɓa rauni ko ido, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ka tafi asibiti ranar nan a fara maka allura. Za a tsare karen kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jiran kwana goman kafin a fara yi wa mutum magani. In ya mutu, ma'aikata ne za su ɗauki samfur su aika ɗakin bincike, kamar na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924.

In kuwa a gabanka abu ya shaƙe karen da ka san yana da rigakafi, har ya kasa numfashi, harshensa na komawa shuɗi, to babu lokacin tafiya. Ƙaramin kare ka ɗaga shi ta cinyoyi kansa ƙasa, ka bubbuga tsakanin kafaɗunsa. Babba kuwa ka tsaya bayansa, ka dunƙule hannu a bayan haƙarƙarin ƙarshe, ka matsa sama da gaba da ƙarfi sau 5, ka duba ko abin ya fito. Ko ya fito, a kai shi a duba.

A hanya da kuma a asibiti

Kare mai jin ciwo yana cizon ko mai shi. Ana iya ɗaure masa baki da tsiri na tsumma, amma ban da wanda ke amai ko numfashi ke yi wa wuya. Wannan a lulluɓe shi da buhu ko bargo a ɗauka. In yana farfaɗiya, a kawar da abin da zai buge, a rage haske da hayaniya, kada a riƙe harshensa. In jikinsa ya yi zafi sosai a shafa masa ruwa. A kwantar da shi a gefe, kansa ya ɗan fi jikinsa ƙasa.

Jihohi suna da asibitocin dabbobi na gwamnati, akwai kuma na jami'o'i kamar na Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Makurɗi da Ibadan da Nsukka, ban da likitoci masu zaman kansu. Ka nemi lambar wanda ya fi kusa da kai tun yau ka ajiye. Ka kuma tabbata likita ne mai rajista, domin mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ba shi da kayan wannan aiki. A asibiti ana iya yin allurar amai, ko a wanke tumbi da bututu, a ba da gawayin asibiti, a sa ƙarin ruwa, a ɗauki hoton ciki, in ta kama a yi fiɗa a ciro abin. Ka faɗi gaskiya duka, har da manjan da aka riga aka ɗura, domin wannan yana sake shawarar likita.

Bayan an dawo gida

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Gubar da kare ya kai gare ta, yaro mai rarrafe ma zai kai. Ka kwashe ragowar, ka haƙe ƙasar da aman ya zuba ka binne, ka wanke kwanon karen da hannuwanka da sabulu. Ɓerayen da magani ya kashe a tsince su kowace safiya, domin kare da kyanwa suna iya cutuwa ta cin su. Maganin feshi a bar shi cikin kwalbarsa ta asali a kulle a sama, kada a juye shi cikin kwalbar lemo.

In karen ya mutu, kada a jefa shi a juji ko a kwata, inda ungulu da sauran karnuka za su ci su bi shi. Kada kuma a sayar da shi ko a bayar a wuraren da ake cin naman kare. A haƙa rami mai zurfin mita 1 ko fiye, nesa da rijiya da rafi, a binne shi, a danne da duwatsu. In ana zaton hauka ne, a jira ma'aikacin dabbobi ya gani tukuna.